Annobar Korona a Kaduna

Annobar korona cutar numfashi ce da ƙwayar SARS-CoV-2 ke haddasawa, tana yaɗuwa ta tari da atishawa da cuɗanya. Ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a Disambar 2019, aka tabbatar da shigowarta Najeriya ta Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020.

A jihar Kaduna an kafa dokar hana fita ba dare ba rana daga 26 ga Maris 2020. Aka rufe kasuwanni da makarantu, aka dakatar da sallar Juma'a da ibada a coci-coci. Ranar 28 ga Maris Gwamna Nasir El-Rufai ya sanar cewa ya kamu. A watan Afrilu arangama tsakanin 'yan sanda da 'yan kasuwa a unguwar Trikania kan dokar hana fitar ta jawo asarar rayuka.