Hermann Cohen, Makaɗin da Ya Tsaya Ya Biya Bashinsa

A wata ranar Jumma'a cikin watan Mayu na shekara ta 1847, wani saurayi Bayahude ya shiga wani ƙaramin coci a birnin Paris ta ƙasar Faransa. Ba addu'a ce ta kai shi ba. Wani basarake abokinsa, wanda ake kira Yariman Moskowa, shi ne ya kamata ya bi da ƙungiyar mawaƙa a wannan maraice, amma wani uzuri ya hana shi, sai ya roƙi saurayin ya riƙe masa. Sunan saurayin Hermann Cohen. Shekarunsa 26, sana'arsa kaɗa fiyano, bashin caca kuwa ya kai masa iya wuya. Bayan shekara huɗu wannan mutum ya zama firist.

Bari mu koma farko, domin mai karatu ya san ko wane ne shi. An haifi Hermann a birnin Hamburg ta ƙasar Jamus ran 10 ga Nuwamba, 1820, a gidan Yahudawa masu wadata. Sunan gidansu ma abin lura ne. Da Ibrananci, Cohen ma'anarsa firist, kuma bisa ga al'adar Yahudawa masu wannan suna zuriyar Haruna ne, ɗan'uwan Musa. Tun yana ƙarami aka ga Allah ya ba shi hannu a kan fiyano, har manya suna taruwa su saurare shi. A 1834 mahaifiyarsa, Rosalie, ta ɗauke shi zuwa Paris don ya sami malami na gaske. Ta kuwa samo masa Franz Liszt, mutumin Hangari, wanda a lokacin bai wuce shekara 22 ba, amma ana cewa babu mai kaɗa fiyano kamarsa a Turai duka.

Liszt ya ƙaunaci yaron ƙwarai, ya laƙaba masa suna Puzzi, yana zuwa da shi gidajen manya da na marubuta. Da Liszt ya bar Paris zuwa Jeniba a 1835 tare da matar wani, yaron ya bi su. Yana ɗan shekara 15 aka ba shi aikin koyar da fiyano a makarantar kiɗa ta wannan birni. Sai ka duba, yaron da ko gemu bai fara ba, ga tafi, ga kuɗi, ga manya suna shafa kansa, babu mai ce masa bari. A nan ya koyi caca. Abin da ya samu da yatsunsa da maraice, kafin gari ya waye ya bar shi a teburin 'yan caca. A 1841 aka zarge shi da taɓa kuɗin wasannin Liszt, suka rabu baram-baram, sai da aka yi shekara ashirin da ɗaya kafin su sāke zama wuri guda. Daga nan ya yi ta yawo tsakanin Italiya da Ingila da Faransa, yana kiɗa, yana cin bashi. Addinin kakanninsa ma ya riga ya sake shi, ba ya zuwa majami'a, ba ya zuwa ko'ina.

To, a wannan hali yake sa'ad da ya tsaya gaban mawaƙa a cocin Sainte-Valère. A ƙarshen sujada, bisa ga al'adarmu ta Katolika, firist yakan ɗaga Sakaramenti Mafi Tsarki ya sa wa jama'a albarka da shi. Hermann bai san ma'anar abin ba. Amma bisa ga abin da ya faɗa daga baya, da aka ɗaga gurasar nan sai ya ji wani abu ya taɓa zuciyarsa, kamar an tilasta masa ya sunkuya. Jumma'a ta zagayo ya koma, ba wanda ya aike shi. Watan Mayu ya wuce, aikin waƙa ya ƙare, shi kuwa bai daina zuwa ba. Aka haɗa shi da wani firist mai suna Legrand, ya fara yi masa bayani, ya ba shi littafi.

Cikin watan Agusta ya tafi garin Ems a Jamus don yin wasa. Ran Lahadi 8 ga wata ya shiga coci, abokansa suna iya ganinsa, bai damu ba. Ana cikin Mas sai kuka ya ƙwace masa. Ya tuna da rayuwarsa duka, ɗaya bayan ɗaya, ya ga ƙazantarta, kuma a lokaci guda ya tabbata a ransa an gafarta masa. Ya fito daga cocin nan yana gaskata cewa Yesu shi ne Almasihun da Isra'ila take jira. Ran 28 ga Agusta, ranar idin Augustin mai tsarki, aka yi masa baftisma a Paris, a ɗakin sujada na 'yan'uwa mata na Uwargijiyarmu ta Sihiyona. Wanda ya kafa wannan gida, Fada Théodore Ratisbonne, shi ma Bayahude ne daga Strasbourg, wanda ya karɓi baftisma shekara ashirin kafin haka.

Daga Mayu zuwa Agusta wata huɗu ke nan. Ni da nake koyar da masu neman baftisma, muna riƙe mutum shekara biyu, wani lokaci uku, sai na ce an yi sauri. Na ga mutane da yawa da suka yi kuka a coci, hawaye na gaskiya kuwa, amma kafin kaka ta zo sun koma inda suka fito. Hawaye ba shi da wuya. Da labarin Hermann ya tsaya a Ems, da ban ɗauki alƙalami a kansa ba.

Abin da ya sa na rubuta shi ne abin da ya biyo baya. Hermann ya so ya bar duniya nan da nan, ya shiga gidan masu zuhudu. Aka ce masa a'a. Akwai bashi a kansa, kimanin faran 30,000 na kuɗin wancan zamani, kuma ba a karɓar mutum a gidan zuhudu da haƙƙin mutane a wuyansa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowa ke tsayawa ya biya ba, balle wanda ya sami hujjar cewa ya zama sabon mutum. Hermann bai ce tsohon Hermann ne ya ci bashin ba. Ya kama ɗan ɗaki, ya koma koyar da fiyano gida gida, yana yin wasa, yana biya kaɗan kaɗan. A cikin Paris ɗin nan ce, inda gidajen caca suke inda ya bar su, tsofaffin abokai kuma suna yi masa dariya, suna cewa ya zautu. Shekara biyu ya yi a haka. Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar da abin mutane a rana ɗaya, gama yana da dukiya. Hermann ba shi da kome sai yatsu goma.

A cikin shekarun nan biyu ne ya fara aikin da aka fi tunawa da shi. Wata rana da dare yana addu'a gaban Sakaramenti a wani ɗakin sujada na mata masu zuhudu, aka ce ya fita za a rufe ƙofa, ga kuwa waɗansu mata an bar su za su kwana suna addu'a. Abin ya tsaya masa a rai. Ya je wurin Fada de la Bouillerie, wanda ya ce masa ya nemo maza, za a ba su izini. Shekarar 1848 ce, shekarar tarzoma: an tumɓuke sarkin Faransa, an harbe Babban Bishop Affre na Paris, wanda ya ba Hermann sakaramentin ƙarfafawa, sa'ad da ya je sulhu tsakanin masu faɗa, Fafaroma Pius na Tara kuma ya gudu daga Roma. Ran 6 ga Disamba Hermann da 'yan abokansa suka kwana suna sujada a cocin Notre-Dame des Victoires, suna karɓar juna sa'a sa'a har asuba. Mutumin da ya saba raba dare a teburin caca, bai sha wuyar hana idonsa barci ba. Daga nan wannan sujada ta dare ta maza ta bazu cikin Faransa, ta haye zuwa waɗansu ƙasashe.

Da ya gama biya, a 1849 ya shiga ƙungiyar Karmel a gidansu na Le Broussey, kusa da Bordeaux. Masu zuhudun nan sun samo sunansu daga Dutsen Karmel, suna kuma ɗaukar annabi Iliya uba gare su, saboda haka ɗan Isra'ila bai zama baƙo a cikinsu ba. Aka aske masa kai, ya sa riga mai kaushi da takalman fade, aka sa masa suna Augustin-Marie. Aka naɗa shi firist a Agen ran 19 ga Afrilu, 1851. Bai yar da kiɗa ba. Ya tsara waƙoƙin sujada masu yawa, ya kaɗa ogan a coci, ya yi wa'azi a biranen Faransa, har a Paris inda waɗanda suka san shi a dā suka zo kallo.

Amma akwai mahaifiyarsa. Ita ce ta ɗauke shi daga Hamburg, ta zuba ƙarfinta duka a kansa. Ta bi shi har Le Broussey don ta komo da shi, ta tarar da shi da askakken kai, ta yi kuka, ta koma ita kaɗai. Kada mai karatu ya yi saurin ganin laifinta. Mutanenta sun sha wuya ɗaruruwan shekaru a hannun masu kiran sunan Almasihu, a wurinta kuwa ɗanta ya ƙetare ne zuwa wajen waɗanda suka tsananta musu. Mu ma a nan mun san gidajen da baftismar mutum ɗaya ta raba uwa da ɗa, kuma mun san uwar ba muguwa ba ce. 'Yar'uwarsa Henriette ta karɓi baftisma a 1852, ɗanta Georges kuma a 1856, ba da sanin mahaifin yaron ba. Da mahaifin ya gane, ya raba yaron da uwarsa, ya kai shi Jamus. A nan ni ban bi bayan Fada Hermann ba. A ajinmu ba na rubuta sunan yaro sai na je na gai da ubansa, na ji daga bakinsa.

Rosalie ta rasu a Disamba 1855, tana Bayahudiya. Wannan ya zama masa ƙaya a zuciya. Ya kai kukansa ga Jean-Marie Vianney, tsohon firist na ƙauyen Ars, wanda ya ce masa ya sa zuciya, wata rana zai sami wasiƙar da za ta ta'azantar da shi. Masu rubuta tarihinsa sun ce bayan shekara shida wasiƙar ta zo, daga wata mace mai ibada, wadda ta ce an nuna mata uwar ta sami jinƙai a numfashinta na ƙarshe. Ikkilisiya ba ta tilasta wa kowa ya gaskata irin wannan ba. Abin da ta koyar a fili, a Majalisar Batikan ta Biyu a 1965, shi ne kada a nuna Yahudawa kamar waɗanda Allah ya ƙi ko ya la'anta. Hermann bai rayu ya ji wannan ba, ya ɗauki nauyinsa shekara shida.

Sauran shekarunsa sun wuce cikin tafiye-tafiye. A 1862 a Roma ya sadu da Liszt, suka yafe wa juna. A shekarar nan Fafaroma ya aike shi Landan ya kafa gidan Karmel a unguwar Kensington. A 1868 ya koma wani gidan kaɗaici a Tarasteix, kusa da Lourdes, yana so ya ƙare kwanakinsa shiru.

Bai samu ba. A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, shi kuwa haifaffen Jamus ne, dole ya bar ƙasar da ya yi yawancin rayuwarsa a ciki. Yana Siwizalan sai aka roƙe shi ya tafi Spandau, kusa da Balin, inda aka tsare sojojin Faransa fursunonin yaƙi fiye da 5,000. Jamusawa ba su yarda da firistocin Faransa ba, amma shi nasu ne ta wajen haihuwa, ga shi yana jin Faransanci kamar ɗan ƙasa. Ya isa a ƙarshen Nuwamba, cikin tsananin sanyi. Yana yi musu Mas, yana jin furcin zunubansu, yana raba musu tufafi da ɗan abin da aka aiko daga gida. Cutar agana ta shiga sansanin. Yana shafa wa masu mutuwa mai da hannunsa, har shi ma ya kamu. Ya rasu ran 20 ga Janairu, 1871, yana da shekara 50.

An binne shi a cocin Hedwig mai tsarki a Balin. A 2016 Ikkilisiyar Bordeaux ta buɗe binciken rayuwarsa, don a ga ko za a sa shi cikin masu albarka. Kafin wannan, a 2008, an kwashe ƙasusuwansa daga Balin aka mai da su Le Broussey, gidan nan da mahaifiyarsa ta je neman sa.