Kurna da Ɗanƙwairo: Tarihin Waƙar da Ake Yi a Gaban Jama'a

Gabatarwa

Kwanan baya wani abokin karatuna, mutumin Gusau, ya nuna mini hoton wasan wasu makaɗa biyu 'yan ƙasar Faransa, watau Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo, waɗanda duniya ta sani da sunan Daft Punk. Sun kafa ƙungiyarsu a birnin Paris a 1993, suna kiɗa da na'urori, suka rabu ran 22 ga Fabrairu 2021. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda abokin nan yake lissafa mini wasanninsu ɗaya bayan ɗaya, da gari da shekara. Da na tambaye shi ko ya taɓa jin yadda Ɗanƙwairo yake tsayuwa da mutanensa a ƙofar fadar Tsafe, sai ya yi shiru. Wannan shirun ne dalilin rubuta wannan maƙala. Mu ma a ƙasar Zamfara mun yi namu makaɗan guda biyu da suka yi tafiya tare, sa'an nan kowa ya kama hanyarsa, amma tarihin wasansu a gaban jama'a yana neman kuɓuce mana.

Gidan Ɗankwanda

An haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo a 1909 a ƙasar Bakura. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kuma a fadar Maradun gidansu ya kafu. Tun suna yara Musa da wansa Abdu Kurna suke bin uban suna yi masa amshi, domin a wancan zamani ba a shiga kiɗa da rana tsaka, gado ne, kuma da amshi ake fara koyonsa. Da mahaifinsu ya rasu, Kurna ya gaji ƙungiya, Musa ya zama daudun kiɗi, watau mataimakinsa. Haka suka daɗe, wa yana jan waƙa, ƙane yana karɓa yana ƙari, kotso yana tashi a bayansu.

Ya kamata mai karatu ya lura da irin ƙasar da suka tashi a ciki. Zamfara ba ta zama jiha ba sai 1996. A lokacinsu yanki ce ta gabashin Lardin Sakkwato, cike da gidajen sarauta, kowane da makaɗinsa. A Rawayya ta ƙasar Bunguɗu aka haifi Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya rasu a 1973. Ibrahim Narambaɗa kuma yana can Isa wajen Sarkin Gobir. Wanda zai yi suna a tsakanin irin waɗannan sai ya yi da gaske.

Daga Maradun zuwa Tsafe da Kaduna

Jirgin ƙasa ya iso Gusau, garin ya bunƙasa da cinikin gyaɗa da auduga, attajirai suka yawaita, hanyar yawon kiɗa ta buɗe. A 1938 aka naɗa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabas, don haka ya san ƙasar nan da mutanenta tun kafin siyasa. Bayan ya zama Firimiyan Jihar Arewa, Ɗanƙwairo ya zama makaɗinsa, yana yi masa waƙa har rasuwarsa ran 15 ga Janairu 1966.

Ɗanƙwairo ya tsaya da ƙungiyarsa, 'ya'yansa suna cikin masu yi masa amshi, Kurna kuwa sunansa ya zauna haɗe da Maradun. Daga cikin waƙoƙin da suka fi ɗaukaka ƙanen har da wadda ya yi wa 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu, wadda har gobe ake sa ta a gidajen rediyo. Ya rasu a 1991. Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da kaset da ya biyo baya, su suka kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta taka ba. Shi ya sa yaro a yau ya san ƙanen, wan kuwa sai ka tambayi dattawa ko masu nazari irin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, wanda ya tattara tarihin makaɗan Hausa.

Yadda wasan yake

Na taɓa zama da wani dattijo a Tsafe, na kunna masa waƙar nan ta 'Yandoto a wayata. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce: "Yaro, wannan ai guntunta ne." Ya bayyana mini cewa ranar salla a ƙofar fada waƙa ba ta da iyaka. Gindinta ne kaɗai ba ya sakewa. 'Ya'yanta kuwa, makaɗi yana ƙara su ne gwargwadon abin da idonsa ya gani. In wani hakimi ya iso, sai a sa shi ciki. In an yi kyautar doki ko riga, sanƙira ya sanar, nan take a yi godiya cikin waƙa. In akwai wani ɗan sarki da ake jin yana hararar gadon sarauta, a yi masa habaici, jama'a su gane, a yi dariya ƙasa-ƙasa.

Daɗin daɗawa, ƙungiyar Ɗanƙwairo ta shahara wajen karɓeɓeniya. Jagora ya fara magana, 'yan amshi su ƙarasa masa, wasu su karɓe daga bakin wasu, har mai sauraro ya kasa gane inda wannan ya tsaya wancan ya ɗauka. Irin wannan ba ya samuwa sai ga mutanen da suka yi shekaru suna numfashi tare, kuma a bayan Kurna Ɗanƙwairo ya koye shi. Abin da kaset ya riƙe mana yini ɗaya ne daga cikin ɗaruruwa.

Ina laifin na'ura?

A nan ne labarin Faransawan nan yake da amfani gare mu. Cikin shekara 28 zagaye biyu kacal suka yi, na 1997 da na 2006 zuwa 2007. Suna rufe fuska da kwalkwali kamar mutum-mutumi, suna zaune cikin wata dala mai walƙiya da suka fara fitowa da ita a bikin Coachella na Amurka a 2006. Duk da haka ba faifai suke kunna wa jama'a ba. Sukan warware waƙoƙinsu su saƙa wannan cikin wancan, har abin da aka ji a fili ya bambanta da na faifai, aka kuma fitar da shi a faifai na dabam. A 2013 kuma suka nemo makaɗan jita da na ganga suka yi faifansu na ƙarshe da su, ya ci kyautar Grammy a 2014.

Mu ma na'ura ba baƙuwa ba ce. Tun 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗan ogan na lantarki a Yamai, fiyano kuma ya mamaye waƙoƙin fina-finan Kano daga shekarun 1990. Abin da ke damuna shi ne abin da nake gani a wasu bukukuwa: mawaƙi ya riƙe makirufo yana motsa baki, faifai yana yi masa aiki. Ko wa ya shigo, waƙar ba ta san ya shigo ba.

Kammalawa

Rashin tsaro da ya addabi Zamfara a shekarun nan ya rage taruwa da tafiye-tafiye, dattawan da suka ga Kurna da Ɗanƙwairo da Jankiɗi da idonsu kuma kullum raguwa suke yi. Ina kira ga 'yan wannan ƙungiya tamu, musamman 'yan Gusau da Tsafe da Bunguɗu, duk wanda ya je hutu ya zauna da kakansa, ya tambaye shi: a ina aka yi, su wa suka tsaya a baya, me aka bayar, wa aka yi wa habaici? Ya rubuta ya kawo, mu buga a fitowa ta gaba. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.