Tarihin Auna Maganaɗisun Ilektaron a Cikin Silikon, 1946–1959

Allunan sola da muke gani a rufin gidajen Dutsin-Ma da Kurfi da silikon aka yi su, wato semikwandakta, wanda lantarki ke ratsawa daidai gwargwado. Wata hanya ta sanin halin ilektaron a cikinsa ta samo asali ne a 1946, sa'ad da Felix Bloch da Edward Purcell, kowa da abokan aikinsa a Amurka, suka nuna cewa cibiyar ƙwayar zarra, in tana cikin maganaɗisu, takan amsa igiyar rediyo a ƙayyadaddiyar mita.

A 1949 Walter Knight ya lura mitar jan ƙarfe tsantsa ta ɗara ta gishirinsa da kimanin kashi 0.23 cikin ɗari. Wani sai ya ce kuskuren na'ura ne, alhali maganaɗisun ilektaron ke jawo shi. Ke nan cibiya ta zama mai ba da shaida a kan maƙwabcinta.

A ganinmu, aikin George Feher na 1959 a Bell Labs ya fi cancanta mu koya wa ɗalibanmu. Ya saurari cibiyoyin silikon-29, waɗanda kashi 4.7 ne kacal cikin ɗari, ya tabbatar da cewa ilektaron ɗin da fosfaras ke bayarwa bazuwa yake yi bisa ƙwayoyin silikon masu yawa. Riƙonsa sako-sako ne. Ɗumin ɗaki ma ya isa ya kwance shi ya ɗauki lantarki.