Haske Da Zurfi A Tarihin Hoton Ƙwari

Mutane da dama sun ɗauka cewa wahalar ɗaukar hoton ƙwaro tana wajen girmama shi. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Tun 1665 Robert Hooke ya leƙa ƙuma da idon ƙuda ta madubin ƙara girma a Landan, ya zana su dalla-dalla a littafinsa Micrographia. Da kyamara ta zo, nesanta gilashi daga fim da bututu ya isa ya cika hoto da kan tururuwa. Abin da ya gagari masu sana'ar shi ne haske da zurfin wurin da ke fitowa tangaran.

Dalilin a fili yake. Duk yadda ka matsa kusa da ƙwaro, yankin da zai fito sarai sai ya ƙanƙance, har ya gaza milimita ɗaya: idon ƙuda ya fito ras, fiffikensa kuwa ya zama hazo. Ka tsuke ƙofar haske don ƙara zurfi, hoto ya yi duhu. Ka tsawaita lokacin ɗauka, ƙwaron ya motsa ko iska ta kaɗa ganyen da yake kai. Shi ya sa Percy Smith, wanda ya ɗauki ƙuda a fim a Ingila wajen 1910, sai da ya ɗaure shi tukuna. Mafita ta zo daga waɗanda ba ruwansu da ƙwari. Harold Edgerton ya inganta filashar lantarki a Amurka daga 1931, walƙiyar da ke tsayar da motsi cak, sannan a 1952 Lester Dine ya ƙera filasha mai zobe domin likitocin haƙori, wadda ke kewaye bakin gilashi ta kore inuwa. Za a iya cewa ai gilashin Makro-Kilar na Heinz Kilfitt a 1955 ne ya buɗe wannan fage. Ya sauƙaƙa aikin, babu musu, amma Stephen Dalton bai kama ƙwari suna tashi sama ba, a hotunan littafinsa na 1975, sai da ya haɗa filasha mai tsananin sauri da zaren haske wanda ƙwaron da kansa ke katsewa ya kunna kyamara.

Matsalar zurfi kuwa kwamfuta ce ta warware ta. Akan ɗauki hotuna da yawa, ana gusa kyamara kaɗan-kaɗan, sai manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker ta tsinci wurin da ya fito a kowanne ta ɗinke su. Levon Biss, a baje kolinsa na Oksfod a 2016, ya haɗa hotuna kimanin 8,000 kafin ya fitar da ƙwaro guda. A nan masu suka ke cewa wannan ba hoto ba ne, haɗe-haɗe ne, kuma galibi gawa ake ɗauka. Batun gawa gaskiya ne, domin mai rai ba zai tsaya ba, kuma hoton ba ya nuna halin ƙwaro a daji. Zargin ƙage ne bai tsaya ba. Kowane gashi da ya bayyana a ƙafar ƙwaron akwai shi a jikinsa, gilashi ne ya kasa nuna su lokaci guda. Hooke ma haka ya yi: yana murɗa madubi, yana duba sashe bayan sashe, hannunsa yana haɗa su a takarda.