Kalandar Bango a Lafiya da Ƙasar Hausa

Kalandar bango takarda ce da ake bugawa ɗauke da kwanaki da watannin shekara, a rataya a ɗaki ko shago ko ofis ko masallaci. A Lafiya, hedikwatar Jihar Nasarawa, da sauran garuruwan Arewa, yawancin irin wannan takarda lissafi biyu take ɗauka a gida ɗaya: kwanan watan Miladiyya da manyan lambobi, na Hijira a ƙarƙashinsa da ƙanana. Takan nuna Kirsimeti da Ista da ranar 'yancin kai ba tare da wata tantama ba, amma idan ta zo kan azumi da Sallah sai ta koma kirdado, domin hukuncin waɗannan ranaku yana hannun masu duban wata. Tarihin kalanda a wannan yanki tarihi ne na yadda lissafin wata da na taurari da na Bature suka taru a takarda ɗaya, kowanne da mai iko da shi.

Kafin zuwan takarda

Lissafin Hijira ya samo asali ne a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, wajen shekara ta 17 bayan Hijira, lokacin da aka tsayar da ƙaurar Annabi (SAW) daga Makka zuwa Madina a 622 a matsayin mafarin ƙirga. Wata goma sha biyu ne, kowanne kwana 29 ko 30, shekara ta kama kwana 354 ko 355. Saboda haka tana gaza shekarar rana da kwana goma ko sha ɗaya, kuma azumi yakan zagaya bazara da damina da kaka da hunturu ya dawo inda ya faro cikin shekara 33 ko kusa da haka. Larabawan jahiliyya suna da al'adar jinkirta wata, Suratut Tauba ta hana, shi ya sa ba a cusa wani wata don daidaita shekarar da damina.

Talakan ƙasar Hausa ya san watannin ne da abin da ake yi a cikinsu. Muharram watan cika-ciki ne, Rabi'ul Awwal watan Takutaha a Kano, watan Gani a Daura, Rajab watan azumin tsofaffi, sai watan azumi, da na ƙaramar Sallah, da na layya. Tsohuwa ba ta bukatar lamba ta gaya maka an haifi jikanta kwana uku bayan hawan Sallah, shekarar da aka yi fara.

Tabbatar da tsayuwar wata kuwa aikin alƙali ne da sarki. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaure, irin su Risala da Muhtasar na Halil, sun shimfiɗa ƙa'idar: ko adilai biyu su shaida sun gani, ko jama'a mai yawa da ba za ta haɗu a kan ƙarya ba, ko kuwa a cika wata kwana talatin. Halil ya fito fili cewa ba a dogara da lissafin mai taurari. In shaida ta tabbata sai a kaɗa tambari ko a harba bindiga, labari ya bi 'yan aike zuwa ƙauyuka. Garin da ke nesa da wani yakan tashi da azumi alhali maƙwabcinsa na ci, ba wanda ya ga abin mamaki.

Manomi kuma ba zai shuka gero da lissafin da ke yawo ba. Don haka malamai suka riƙe wani lissafi na biyu, na rana, mai watannin Ajamiyya da aka gada ta hanyar Magrib, da masaukan wata guda 28, kowanne tauraro yana da kwana 13 banda ɗaya mai 14, jimla 365. Taurari bakwai-bakwai ne ga kowane yanayi. Da shi ake cewa tauraro kaza ya kama, ruwan shuka ya kusa, ko kuwa sanyi ya kusa karyewa. Shekara ma da haruffa ake rubuta ta, abin da ake kira ramzi: a tsarin Magrib shinun dubu ne, ra ɗari biyu, sai marubuci ya harhaɗa su a ƙarshen waƙa ko littafi su ba da shekarar da ya gama. Haka malaman Sakkwato suka riƙa sa wa ayyukansu kwanan wata, su da hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu ta kama 1218, wato Fabrairun 1804.

Lafiya tana cikin wannan tsari tun kafuwarta. Muhammadu Dunama da jama'arsa Barebari ne suka kafa ta a ƙarshen ƙarni na 18, daga baya ta shiga ƙarƙashin Bauchi, fadarta tana aiki da lissafin Hijira. Sai dai kewaye da ita akwai Alago da Eggon da Migili da Gwandara da Tibi, masu bukukuwan da ke bin girbi da ranakun kasuwa. Kasuwannin Tibi ma kwana biyar-biyar suke ci, ba ruwansu da mako mai kwana bakwai. Ga shi kuma damina na sauka a Lafiya tun wajen Afrilu ta kai Oktoba, lokacin da Kano ke jiran ƙarshen Mayu ko Yuni, don haka tauraron da ke nufin shuka a Kano ya tarar da doyar Lafiya ta riga ta yi yaɗo.

Lissafin Bature da injin ɗab'i

Miladiyya ta shigo ne tare da mulkin Turawa. Fafaroma Gregory na 13 ne ya gyara ta a 1582, Ingila ba ta karɓa ba sai 1752, kuma ita Baturen mulki Lugga ya zo da ita ranar 1 ga Janairun 1900 da ya ɗaga tuta a Lakwaja. A 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi, Turawa suka amince da Musa a matsayin Sarkin Lafiya. Daga nan haraji da jangali da albashin ma'aikatan En'e da zaman kotu duk suka koma bin watan Bature. Layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Makurɗi da Lafiya zuwa Kafanchan, ya ƙara ɗaure garin da agogo da jadawali. Mai kai riɗi tasha dole ya san ranar jirgi.

Bugun kalanda ya fara ne a Kudu, inda 'yan mishan suka kafa injinan ɗab'i a Kalaba da Abekuta tun tsakiyar ƙarni na 19. A Arewa, Zariya ce cibiya: Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Boko ya yaɗu, yaƙi da jahilci ya biyo baya, aka sami ɗimbin mutanen da ke iya karanta lamba a jikin bango. Bankuna da kamfanonin sayar da kaya suka gane cewa ba tallar da ta kai wadda za ta kwana shekara guda a ɗakin mutum, suka shiga rabon kalanda kyauta duk ƙarshen shekara.

Daga baya abin ya sauko hannun kowa. 'Yan ɗariƙu suna buga masu hoton Shehu Ibrahim Inyass ko wasu shehunai, ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 tana da nata, makarantun Islamiyya suna fitar da ta walimar sauka da hotunan ɗalibai jere, ƙungiyoyin ci gaban gari suna taron ƙaddamar da kalanda don tara kuɗi, inda attajiri zai sayi kwafi ɗaya da abin da ya fi kuɗin bugun duka. Ga ta ɗan takara, ga ta biki mai hoton ango da amarya, wadda sau da yawa kwanakin da ke ƙasanta sun yi ƙanƙanta har ba mai iya karantawa, kuma ba wanda ya damu. Ƙirƙiro Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoban 1996 ya kawo wa Lafiya ma'aikatu da hukumomi, kowacce da tata kalanda mai hoton gwamna. Majami'u ma haka: Katolika, da suka sami dayosis ɗin Lafiya a 2000, suna buga mai nuna lokutan ibadar shekara, Ibo 'yan kasuwa kuma sukan rataya mai ɗauke da ranakun kasuwarsu huɗu, Eke da Orie da Afo da Nkwo.

Inda takarda ke gazawa

Tsawon watan sama kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Mai ɗab'i ba zai jira ganin wata ba tunda shekara guda yake bugawa gaba ɗaya, sai ya bi ɗaya daga hanya biyu: ko ya jera watanni 30 da 29 bi da bi, ko ya kwafo kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, wadda lissafin falaki ce da aka gina a kan Makka. Kowacce ya bi, takan saɓa da kwana ɗaya da abin da aka sanar a Najeriya. Shi ya sa za a iya shiga shago biyu a kasuwar Alamis ta Lafiya a tarar da kalandar wannan na cewa 29 ga Sha'aban, ta wancan na cewa 1 ga Ramadan.

Sanarwa ta hukuma daga fadar Sarkin Musulmi take fitowa. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962, da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci da ta biyo baya a shekarun 1970, su suka tattara abin da a da kowace masarauta ke yi ita kaɗai. Yau kwamitin duban wata na ƙasa yana karɓar rahoto daga sarakuna da wakilai, fadar Lafiya na cikinsu, a tantance, Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda ya hau a 2006, ya sanar a daren. Hutun aiki kuma Ministan Cikin Gida ne ke ayyana shi, galibi kwanaki kaɗan kafin ranar, wani lokaci ma hutun ya zo bai dace da ranar Idi ba. Jan launin da kalanda ta sa wa ranar Sallah tun bara, ba ya ɗaure ko ɗayansu.

Akwai wata tangarɗa da ba kowa ke lura da ita ba. Ranar Hijira da magariba take kamawa, ta Miladiyya da sha biyun dare. Daren Juma'a a bakin Bahaushe shi ne daren da Alhamis ta wuni, don haka lambobi biyun da ke gida ɗaya a kalanda ba su yi daidai ba sai daga tsakar dare zuwa faɗuwar rana. Wanda aka haifa bayan isha'i yakan tashi da kwanan wata biyu masu saɓani, ɗaya a takardar asibiti, ɗaya a bakin liman ranar suna.

Jadawalin lokutan sallah da ake liƙawa a ƙasan kalanda ya fi wannan haɗari, kuma nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido. Lafiya da Kano kusan a layi ɗaya suke daga kudu zuwa arewa, azaharsu ba ta da wani bambanci. Amma Kano ta fi nisa da tsakiyar duniya da daraja uku da rabi, saboda haka a Disamba rana na riga faɗuwa a Kano da kamar minti shida, a Yuni kuma ta jinkirta da kamar haka. Mutumin Lafiya da ya sha ruwa da jadawalin Kano a azumin hunturu ya sha da rana. Na Maiduguri ya fi muni, domin yana gaba da kusan minti 18, na Sakkwato kuma yana baya da kamar 13. Kalandar da ba ta rubuta garin da aka yi wa lissafin ba, a ɗauki kwanakinta a bar jadawalin.

A batun duban wata, Yahudawa ma sun taɓa zama a irin wannan hali. A zamanin da, shaidu ne ke zuwa gaban majalisar malamansu su ce sun ga wata, sannan a aika labari. Daga ƙarni na 4 suka fara komawa ga lissafi tsayayye, suna ƙara wata guda sau bakwai a kowace shekara 19 don Idin Ƙetarewa ya zauna a lokacinsa na shekara. Don haka kalandarsu ta bango tana iya faɗin ranar biki shekaru da yawa gaba, sai dai ita ma dole ta bi gari-gari wajen lokacin kunna kyandir na yammacin Juma'a. Ista ma lissafi ce, tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, amma an san ranarta tun kafin a buga.

Gajartar shekarar Hijira takan sa mai ɗab'i ya sa Sallah ɗaya sau biyu a takarda guda. A 2000 an yi ƙaramar Sallah a Janairu aka sake yi a Disamba, a 2006 babbar Sallah ta yi haka, kuma bisa lissafi azumi zai kama sau biyu a 2030.

Zamanin waya

Wayar hannu ta rage wa kalanda aiki, sai dai manhajojin da ke cikinta galibi Ummul Ƙura suke bi, saɓanin kwana ɗayan nan yana nan. Sanarwar Sakkwato yanzu takan iso ta WhatsApp da Facebook kafin rediyo, tare da na bogi da kan riga ta fita. Wasu jihohi irin su Kano da Sakkwato da Jigawa suna ba da hutun 1 ga Muharram, abin da ya ƙarfafa buga kalandar Hijira zalla, mai farawa da Muharram, inda Miladiyya ce ke komawa ƙananan lambobi.

Ƙarshen shekara kuma kalanda ba ta zama shara nan take. Mai kauri takan zama bangon littafin 'yan makaranta, ko shimfiɗar kanta, ko ta faɗa hannun mai tsire da mai ƙosai. Wannan ne ya sa malamai da yawa ke jan kunnen masu buga ayoyi da sunayen Allah a jikinta, wasu masallatai kuma sukan tara tsofaffin a ƙona ko a binne kamar yadda ake yi wa takardun Alƙur'ani da suka yage.