Asalin Satar Manhajar Kwamfuta da Haɗarinta

Ni mutumin Danchadi ne. Bara na sayi tsohuwar kwamfuta a Sakkwato, na kai wa wani mai shago ya zuba mini manhajoji a kan kuɗi kaɗan. Ba a rufa wata biyu ba ƙwayar cuta ta cinye babi biyu na kundina. Wannan hasara ce ta sa na bi sawun al'amarin, don 'yan'uwana ɗalibai su san inda irin wannan araha ta fito.

Satar manhaja ta girmi intanet ɗin da muka sani. Tun a 1976 Bill Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan ana kwafar aikinsa ba a biya. A shekarun 1980 masu wannan ɗabi'a sukan haɗa kwamfutocinsu ta layin tarho su yi musaya. Da intanet ta bazu, sai suka buɗe shafuna, suka kafa ƙungiyoyi masu gasar wa zai riga fasa makullin sabuwar manhaja. Ɗaya daga cikinsu ita ce DrinkOrDie, wadda aka kafa a Mosko a 1993, ta kuma saki Windows 95 tun kafin masu ita su kai ta kasuwa.

Haɗari na farko shi ne shari'a. A 1994 aka gurfanar da wani ɗalibi a Amurka, David LaMacchia, amma kotu ta kori ƙarar, ganin bai nemi riba ba. Saboda haka aka yi sabuwar doka a 1997 wadda ta toshe wannan kafa. A Disamba 2001 aka kai wa 'yan DrinkOrDie samame a ƙasashe da dama, wasu suka sha ɗauri.

Na biyu shi ne cuta. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan suka ƙirƙiro Brain, suka ce don su hori masu kwafar aikinsu. Sa'an nan a 1998 CIH ta ɓulla a Taiwan, ta bi ta cikin manhajojin sata, ranar 26 ga Afrilu 1999 kuwa ta lalata ɗimbin kwamfutoci a duniya.

To, a ƙasarmu intanet ta yi tsada a lokacin, don haka kayan a bisa faifai suka iso mana, ta kasuwanni irin su Alaba da Ikeja a Legas. Hanyar kuwa ba baƙuwa ba ce. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta daɗe da shahara wajen kwafar finafinan Indiya da na Amurka, kuma ta nan ne finafinan Hausa suka sami kasuwa bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Daga baya satar ta juyo kansu. Nijeriya ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, aka sa hannu a kan wadda ta maye gurbinta a 2023.

Na san aljihun ɗalibi, domin nawa ma haka yake. Amma akwai manhajojin da masu su suka bayar kyauta, kamar Linux da LibreOffice, da su nake sake rubuta babin nan biyu. Har ila yau mu tuna, mu masu nazarin Hausa gobe mu ne marubuta, kuma wanda ya saba cin gumin wani ba shi da bakin kuka ranar da aka ci nasa. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.