Lauje Ɗaya na Zinariya da Dokar da Ta Haifa

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. Wasa ne na zama a kewaye da teburi: mutum ɗaya yana ba da labari kamar mai tatsuniya, sauran kuma kowa ya ɗauki rawar jarumi guda, sannan a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska ashirin, ita za ta yanke ko sara ya ci ko bai ci ba. Jaruman rukuni-rukuni ne, akwai mayaƙi, akwai matsafi, akwai malamin ibada. A 1976, cikin wani ƙaramin littafi mai suna Eldritch Wizardry, aka ba 'yan wasa damar zama duruwid, wato bokan daji mai magana da dabbobi da itatuwa, kuma aka ƙayyade masa makaman da zai riƙa.

Jerin da ya fito a littafin 'yan wasa na 1978 makamai takwas ne: kulki, wuƙa, ƙaramin mashin jifa, guduma, majajjawa, mashi, sanda, sai lanƙwasasshen takobi. Ba ya sa sulken ƙarfe, sai rigar fata da garkuwar katako. Ko cikin takwas ɗin ma biyu kawai yake farawa da gwanintarsu. In ya ɗauki wani a bar masa, amma za a zaftare maki 4 daga abin da ƙwaya ta ba shi.

Duk wanda ya dubi jerin nan da kyau zai yi tsaki. Mutumin daji, amma ba baka, ba gatari. An hana shi rufe ƙirjinsa da ƙarfe, amma an miƙa masa takobin ƙarfe, kuma takobin ma irin wanda aka fi sani da mahayan Farisa da Turkiyya. Me ya haɗa bokan Turai ta yamma da shi?

Amsar tana Rum. Duruwid na gaskiya malamai ne kuma alƙalai a cikin al'ummar Gol, inda Faransa take yau, da kuma Birtaniya. Ba su bar rubutu ba. Yuliyas Kaisar, wanda ya ci ƙasarsu da yaƙi, ya ce haddace karatunsu suke yi, wani ya kai shekara ashirin yana koyo, kuma an ɗauke musu zuwa yaƙi da biyan haraji. To ka ji, mutumin da aka yafe wa yaƙi shi ne ake wa lissafin makamai. Sai kuma Filini Babba, marubucin da ya mutu a aman dutsen Besubiyas a shekara ta 79, wanda ya ba da labarin wani biki nasu: malami cikin fararen kaya ya hau itacen da suke tsarkakewa, ya yanko kauci da laujen zinariya, a yanka fararen bijimai biyu. Ee, kaucin nan dai da ke maƙale wa itace, wanda namu masu maganin ma ba su raina shi ba.

Wannan lauje shi ne kusan kaɗai abu mai kaifi da tsofaffin marubuta suka sa a hannun duruwid, kuma na yankan ganye ne. Littafin 1976 ya ambaci lauje da takobi mai siffar jinjirin wata. Da aka zo 1978, sai aka nemi abin da ya fi kama da shi a cikin jadawalin makaman da wasan ya riga ya tanada, aka samu lanƙwasasshen takobi. Kama da wane dai ba ta wane, amma ta zauna.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ba ruwansa da tarihi. Wanda zai iya kiran tsawa ya kuma rikiɗa ya zama dabba, in ka ƙara masa dogon baka da sulke, wa zai yarda ya zama mayaƙi? Hanin ya zama farashin tsafi. Haka aka yi wa malamin ibada, da aka hana shi duk makami mai kaifi.

Ga mai rubuta manhaja irina, abin da ya biyo baya sananne ne: layi ne da wani ya rubuta don toshe wata ɓaraka, ya tafi, magada suka yi ta kwafarsa suna ƙirƙira masa hujja. Bugu na biyu a 1989 ya dawo da laujen kansa, ya cire guduma, amma bai taɓa takobin ba. Bugu na uku a 2000, bayan kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, shi ya fi tsanani: an mai da hanin rantsuwa, duruwid ɗin da ya yi amfani da haramtaccen makami tsafinsa zai tsaya cak har awa 24. Shekara uku kacal aka yi da wannan. Gyaran 2003 ya cire horon daga kan makamai ya bar shi a kan sulke kawai. A bugun 2014 jerin ya kai goma, maganar ƙarfe kuwa ta koma jimla ɗaya mai cewa ba za su sa ba, ba tare da faɗin abin da zai faru in sun sa ba. 'Yan wasa sun sha musu a kan jimlar nan, domin doka ce da ba ta da bulala.

A ganina hanin yana da amfanin da masu ƙorafi ba sa gani. Kafin ɗan wasa ya buɗe baki, sandar da rigar fatar sun riga sun gaya wa teburi ko shi wane ne. Illarsa ita ce ya ɗaure kowane bokan daji ga hoton da wani Barume ya zana wa mutanen da ƙasarsa ta murƙushe.

Littafin 2024 ya share jerin gaba ɗaya. Yanzu duruwid ya iya duk makamai masu sauƙi, har da gajeren baka, kuma ba a ƙara zancen ƙarfe ba. Mai son manyan makamai zai iya zaɓar wannan hanya tun daga matakin farko. Lanƙwasasshen takobin ya koma cikin manyan, lauje kuwa yana nan cikin masu sauƙi.